Kwamfutata tana ɗaukewa ɗif ina cikin aiki: daga ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kwamfutar tafi-da-gidanka da ta shekara 9 a hannuna, kuma har yau da ita nake duk aikin rubutuna. Kusan wata biyu ke nan ina cikin aiki sai ta ɗauke ɗif, babu gargaɗi, babu shuɗin allo. Wani lokaci bayan minti 20 take yin haka, wani lokaci takan kai awa guda. Idan na danna maɓalli nan take sai ta ƙi tashi, sai na ɗan jira tukuna. Wani ya ce in sake saka Windows, wani kuma ya ce batir ne. Wace shawara za ka ba ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, ka kwashe muhimman fayilolinka zuwa filash ko wata ma'ajiya ta waje yau ɗin nan, domin kowace ɗaukewa tana iya lalata fayil ɗin da ake kan rubutawa, kuma ma'ajiyar tsofaffin kwamfutoci, wadda faifai ke juyawa a cikinta, ba ta jure yankewar wuta akai-akai.

Ban goyi bayan sake saka Windows ba a wannan matakin. Idan matsalar manhaja ce, yawanci kwamfuta takan daskare, ko ta nuna shuɗin allo mai saƙon kuskure, ko ta kashe kanta ta sake tashi. Ɗaukewa ɗif kuwa, inda allo da fanka da ƙananan fitilu duk suke mutuwa lokaci guda, alama ce ta cewa wuta ce ta yanke, ko kuma na'urar ce ta yanke ta da kanta don kada ta ƙone. Idan ka duba Event Viewer, wato wurin da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru a kwamfutar, za ka ga an rubuta saƙon Kernel-Power mai lamba 41, kuma wannan yakan ruɗi mutane da yawa, alhali abin da yake nufi kawai shi ne an kashe kwamfutar ba ta hanyar da ta dace ba, bai faɗi dalili ba. Gwajin da ya fi amfani shi ne ka shiga BIOS, wato shafin saitin na'urar da ake iya buɗewa kafin Windows ya tashi, da zarar ka kunna ta, ta hanyar danna F2 ko F10 ko Esc gwargwadon kamfanin da ya ƙera ta, ka bar ta a nan na tsawon awa guda. A wannan wuri Windows bai ma fara aiki ba, saboda haka idan ta mutu a can, ka wanke shi daga zargi.

Yadda ka bayyana lamarin ya sa hankalina ya fi karkata ga zafi. Abu biyu ka faɗa masu nauyi: sai ta yi aiki na ɗan lokaci take mutuwa, kuma ba ta tashi sai ta huta. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, tana fitar da zafi mai yawa, kuma akwai bututun tagulla da ke kwance a kanta yana jan zafin zuwa wasu siraran ƙarafa da aka jera kamar haƙoran mataji a bakin mafitar iska, sannan fanka ta hura shi waje. Yawancin furosesoshin irin waɗannan kwamfutoci iyakarsu tana wajen digiri 100 a ma'aunin Salshiyas. Idan zafi ya doshi wannan iyaka, furosesa takan fara rage gudunta, shi ya sa za ka ga kwamfutar ta yi nauyi gab da mutuwa, idan kuma hakan bai wadatar ba sai ta yanke wuta baki ɗaya.

A cikin shekara 9, ƙura da zaren tufafi suna taruwa a bayan waɗannan siraran ƙarafa, daidai inda ido ba ya gani daga waje. Na sha buɗe kwamfutar da mai ita ya tabbatar mini yana goge ta kullum, in ɗaga fanka in tarar da ƙura ta dunƙule ta toshe mafitar daga wannan gefe zuwa wancan, har in ciro ta da ɗan hantsaki guda ɗaya kamar yankin tsohon bargo. Fankar tana ta ruri, amma iska ba ta da hanyar fita. Ka sa bayan hannunka a bakin mafitar iska lokacin da take aiki. Idan kana jin ƙarar fanka sosai amma iskar da ke fitowa kaɗan ce, toshewa ce. Idan kuma ba ka jin motsin fanka sam ga ƙasan kwamfutar ya ɗauki zafi, to fankar ce ta tsaya. Manhajoji irin su HWMonitor ko Core Temp za su nuna maka ainihin lambar. Kwamfutar da ba ta aikin komai amma tana nuna digiri 80 ko fiye tana buƙatar a buɗe ta.

Idan za ka yi da kanka, ka kashe ta, ka zare caja, ka cire batir, sannan ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30 don sauran wutar da ke ciki ta fita. Ka jera sukurori bisa tsarin da ka kwance su, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo idan ya shiga ramin gajere yana iya huda abin da ke ƙarƙashinsa. Lokacin hura iska don fitar da ƙurar, ka riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa da ƙarfi. Akwai kuma wani man toka-toka mai kauri da ake shafawa tsakanin furosesa da tagullar, wanda aikinsa cike ƙananan ramukan da ke tsakaninsu don zafi ya wuce. Da shekaru yakan bushe ya farfashe kamar busasshiyar laka. A goge tsohon da barasar gogewa ta isopropyl, a ɗiga sabo ɗan kaɗan, kada a cika. Wasu samfuran sai an cire allon maɓallai da kusan komai kafin a kai ga fanka, kuma irin waɗannan gara a kai wa mai gyara, amma ka faɗa masa takamaimai cewa wankin fanka da sauya man furosesa kake so.

Idan zafin ya sauka amma ɗaukewar ba ta daina ba, sai a koma kan hanyar da wuta ke bi. Ka cire batir, idan mai fita ne, ka yi aiki da caja kaɗai. Ka duba rubutun jikin cajar ka gwada da na ƙasan kwamfutar: yawanci volt 19 ne ko 19.5 ko 20, kuma dole su dace. Ƙarfin cajar ma yana da muhimmanci, domin kwamfutar da ke son wat 90 idan aka ba ta mai 65 za ta iya tashi lafiya, amma ta gaza idan aiki ya yi nauyi. Sannan ka ɗan motsa kan cajar a hankali inda ya shiga jikin kwamfutar. Idan fitilar caji tana ƙyaftawa, bakin ya yi lakwa-lakwa ko liƙin dalmarsa ya tsage, kuma gyaransa ba babban aiki ba ne. RAM ma, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke amfani da ita lokacin aiki, ana iya cire shi a goge a mayar, ko da yake nasa laifin ya fi zuwa da daskarewa. Babban allon lantarki, wanda masu gyara ke kira bod, shi ne abin zargi na ƙarshe, kuma kada ka yarda a yanke masa hukunci kafin a gama waɗancan gwaje-gwajen.

Tambaya: Tawa kwamfutar lafiya lau take a kan caja, amma idan na zare sai ta nuna saura kashi 40 cikin 100, bayan ɗan lokaci ta mutu. Kwanan nan kuma na lura wurin murza yatsa ya ɗan taso sama. Akwai alaƙa? Ni ɗaliba ce, ba ni da wata kwamfutar.

Amsa: Akwai alaƙa, Malama, kuma ina roƙonki ki ɗauki wannan da muhimmanci. Batirin lithium yana rasa ƙarfi bayan an yi ta caji da saukewa sau ɗaruruwa, har ya kai ga lissafin da kwamfuta ke nunawa ya daina dacewa da abin da ke ciki, shi ya sa take mutuwa a kashi 40. Za ki iya tabbatarwa ta hanyar buɗe Command Prompt, wato tagar da ake rubuta wa Windows umarni, ki rubuta powercfg /batteryreport, umarnin da ke aiki tun daga Windows 8, wanda zai fitar da rahoto mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma wanda yake iya ɗauka yanzu. Tasowar wurin murza yatsa ita ce ta fi damuna, domin a kwamfutoci da yawa batir yana kwance a ƙarƙashinsa, kuma idan ya kumbura saboda iskar da ta taru a cikinsa yakan tura abin da ke sama. Kumburarren batir yana iya kama wuta. Ki daina yi masa caji, kada ki danna shi, kada ki huda shi, ki kai a cire shi a kuma miƙa shi inda ake karɓar tsofaffin batura. Yawancin kwamfutoci suna aiki da caja kaɗai bayan an cire batir, saboda haka karatunki ba zai tsaya ba kafin ki samu sabo, sai dai ki riƙa adana aikinki akai-akai, tun da zarewar wayar caja sau ɗaya za ta kashe ta nan take.