Wane injin kwashe dusar ƙanƙara ya dace da gidana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na koma Minneapolis da ke jihar Minnesota a Amurka tare da iyalina. Hanyar da mota ke bi daga titi zuwa garejinmu ta tsakuwa ce, kuma tsawonta zai ɗauki motoci huɗu. Aikin shebur ya fara taɓa mini baya. Wane inji zan saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Da ka ambaci tsakuwa, ka riga ka fitar da ƙaramin injin nan mai mataki ɗaya daga lissafi. Fikafikansa na roba ne, suna gogar ƙasa kai tsaye, kuma su ne ke kwasar dusar su cilla ta waje, saboda haka duk tsakuwar da suka tarar za su harba ta, ko ta sami gilashin mota ko tagar maƙwabci. A kan siminti ko kwalta yana aiki lafiya lau, muddin zurfin dusar bai wuce inci 8 ba.

Naka shi ne mai mataki biyu. A gabansa akwai murɗaɗɗen ƙarfe da ke tattaro dusar zuwa tsakiya, sannan wata fanka a baya ta feso ta waje ta bututu. A gefe da gefe yana da takalma da ake ɗagawa ko saukewa da sifana, sai ka daidaita su yadda bakin injin zai tashi kamar inci 1 daga ƙasa, ya bar tsakuwarka a inda take. Yana kuma tuƙa kansa, wanda shi ne sauƙin da bayanka ke nema. Mai faɗin inci 24 ya ishe ka. Wanda ya fi haka, a ganina, cin wuri kawai zai yi a gareji.

Abin da sabon zuwa bai cika sani ba shi ne, wahalar ba a dusar da ta sauka take ba, tana bakin titi ne. Idan motar share hanya ta hukuma ta wuce, takan bar tudu a ƙofar gida, jiƙaƙƙe, gauraye da gishiri da yashi, wanda in ya kwana sai ya daskare kamar dutse. A wurin ne ƙananan injuna ke cijewa, don haka da wannan tudun za ka auna ƙarfin injin da za ka saya. Ka kuma tuna cewa dokar birnin ta ba masu gida irin naka awa 24 bayan dusar ta tsaya su share hanyar masu tafiya da ƙafa da ke gabansu.

Game da batir ko fetur, masu batir irin na kamfanin Ego ba su da hayaƙi, ƙararsu kaɗan ce, amma tsananin sanyi na rage musu caji, shi ya sa ake ajiye batirin a cikin gida. Masu fetur irin na Ariens, Toro ko Honda sun fi jure dogon aiki, sai dai kada a bar su suna aiki a rufaffen gareji saboda hayaƙinsu na kisa, kuma man da ya daɗe a tanki yakan toshe kafireta.

Idan bututun ya toshe, ka kashe injin, ka jira komai ya tsaya cak, sannan ka yi amfani da sandar da aka haɗo shi da ita. Kada ka kuskura ka sa hannu, domin fankar kan zabura ko bayan an kashe. Ka sayi rarar ƙusoshin nan da aka ƙera don su karye idan ƙarfen gaba ya ci karo da dutse, domin a kan tsakuwa za ka buƙace su. Sayen kuwa, ka yi shi a Satumba ko Oktoba, kafin zubar dusar farko ta sa injunan su ƙare a shaguna.