Me ya sa muryata ke fita kamar daga cikin rijiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗaukar bidiyon hira a falonmu, ƙasa tayil ne, sama silin POP. Wayar nakan kafa ta kamar taku huɗu daga inda muke zaune. Hoto tas yake fita, amma murya sai ka ce daga cikin rijiya. Wani ya ce in manna kiret ɗin ƙwai a bango, wani kuma ya ce in sayi makirufo mai tsada. Wanne zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna. Babbar matsalarka wannan taku huɗun ne.

Sauti na gudun kusan mita 343 a daƙiƙa guda. Da ka buɗe baki, muryarka ta isa wayar, amma nan take ta daki tayil, ta daki siminti da gilashin taga, ta dawo ta sake shiga. Abu mai tauri da santsi ba ya shan sauti, maido shi yake yi. Daga nesa, wannan amsa-kuwwar kan kai ƙarfin muryar kanta, ko ma ta danne ta. Duk sa'ad da ka rage rabin tazarar da ke tsakanin baki da makirufo, muryar kan ƙaru da kusan desibel 6 (ma'aunin ƙarfin sauti ne), ita kuwa amsa-kuwwar ɗakin tana nan yadda take. Shi ya sa ɗan ƙaramin makirufon nan da ake maƙalawa a wuyan riga, santimita 15 zuwa 20 daga baki, ya fi mai tsadar da aka ajiye can kusa da kyamara. Ku biyu ne? Kowa da nasa. In babu, ka ɗora wata wayar a kan matashi kusa da ku, inda hoto ba ya kaiwa, ka yi tafi ɗaya a farko don ka daidaita murya da hoto wajen tacewa.

Sai ɗakin. Tsaya a tsakiyar falon, kashe fanka, ka yi tafi da ƙarfi, ka kasa kunne. Wannan 'yar ƙarar da ke biyo bayan tafin ita za ka kashe. Shimfiɗa kafet mai kauri tsakaninku da kyamara, ka saki labule, ka jingina katifa a bangon da kuke fuskanta, tunda bayan kyamara yake, babu mai gani. Bargo ma na aiki sosai, amma kada ka liƙa shi jikin bango. Rataya shi a igiya, ka bar 'yar tazara a baya, ya ɗan yi ninki, ya fi shan sauti haka. Bayan kowane canji ka sake tafi. Kada ka raina dabarar: a 1895, da aka ba masanin kimiyya Wallace Sabine aikin gyara wani ɗakin lacca a Jami'ar Harvard ta Amurka, matasan kujeru ya riƙa kwasowa da dare yana auna yadda suke rage amon ɗaki, kuma daga nan ilimin gyaran sautin ɗaki ya samo tushe.

Kiret ɗin ƙwai kuwa, ka bar wa masu kaji kayansu. Kwali ne siriri, abin da yake sha bai taka kara ya karya ba, ga shi da saurin kama wuta. Ko soson da ake sayarwa don situdiyo, in siriri ne, siraran sautuka kawai yake tsinkewa, ya bar maka gunjin ƙasa.

Akwai manhajojin gyara, irin su Adobe Podcast da iZotope RX, suna rage amsa-kuwwa bayan an ɗauka. Ni dai sai dole nake komawa gare su, domin in ka matsa musu, murya kan zama ta roba, wasu haruffa su haɗiye. Kafin baƙonka ya iso, ɗauki gwajin daƙiƙa 30, ka saurara da abin kunne, ba da lasifikar waya ba.