Tambaya da Amsa: Matar da Ta Yi Suna da Walda a Ostiraliya

Tambaya: Ni mai walda ne a unguwar Zariya, Maradi. Na ji labarin wata mata a Ostiraliya mai ƙera manyan kayan ƙawata gari da ƙarfe. Wace ce, kuma irinmu zai iya wannan aiki?

Amsa: Malam, sunanta Inge King. An haife ta a Berlin a 1915, ta bar Jamus a 1939, ta yi karatu a Landan da Glasgow, sannan ta isa Melbourne a 1951 tare da mijinta Grahame King. Da sassaƙar itace ta fara, daga baya ta koma walda. Aikinta da ya fi shahara shi ne Forward Surge, baƙaƙen ƙarafa huɗu masu lanƙwasa kamar igiyar ruwa, da aka girka a Melbourne a 1981. Ba siffar mutum ba ce, ba ta dabba ba. Ta rasu a 2016 tana da shekara 100.

Za ka iya, in ka bi hanyarta: ƙaramin samfuri tukuna, sai ya gamsar da ido a faɗaɗa shi. A nan lissafi ke kayar da mutane. In ka ninka tsawo, faɗi da kauri sau 10, nauyi sau 1,000 zai ninku. Fallen ƙarfe mai kaurin milimita 6, kowace murabba'in mita tana kai kilo 47, don haka gindin kankare ba abin yi wa rowa ba ne.

Babbar matsala ita ce karkacewa. Zafi na sa ƙarfe ya buɗe, in ya huce ya tsuke ya ja fallen gefe guda. Ka fara ɗiga walda nan da can don ta riƙe, sannan ka riƙa yin gajeren ɗinki na santimita 4 ko 5, kana sauya ɓangare. Sandar walda mai kaurin milimita 3.2 tana son wuta tsakanin amfiya 90 da 130. In ka zarce, sai ta huda.

In aikin mai rami ne a ciki, ka bar ƙaramar kafa a ƙasa, don ruwan damina na shiga ya kwanta, tsatsa ta ci daga ciki ba ka sani ba. Ka kankare kashin walda, wato ɓawon da ke rufe ɗinkin, tas, ka shafa fentin hana tsatsa sau biyu kafin launi. Kada ka yi fenti ranar da hunturu ya taso da ƙura. Baƙin launi kuwa, a ranar Maradi ta watan Afrilu zai ƙona hannun yaro. In wurin da yara ke wasa ne, zaɓi mai haske.