Amsa ga Yaya kan allurar 'yarki

Yaya, barka da war haka. Kin ce wai da gaske kyauta ake ba mu insulin, allurar ciwon sugan 'yarki, a Ingila, in kuma haka ne me ya hana in riƙa aiko wa yaron maƙwabciyarki.

Kyauta ne, amma da sauran magana. A nan kowane magani da likita ya rubuta fam 9.90 ne, sai dai yara ba sa biya, babba mai ciwon suga da ke kan allura kuma ana ba shi katin yafewa na shekara 5. Yawancin masu biza kuwa sun riga sun biya kuɗin kula da lafiya tun lokacin neman bizar, fam 1,035 a shekara kan kowane babba.

Kuma a ƙirge ake bayarwa. Na wata ɗaya ko biyu likitan unguwa ke rubutawa, in ya kusa ƙarewa in nema ta waya, in je kemis in karɓa. Babu rarar da za a aika. Ko da akwai ma, iri biyu 'yarki take yi, mai saurin aiki a kan abinci da mai jan dogon lokaci, kuma an auna su ne da jikinta. Zafi yana kashe ƙarfinsa, daskarewa ma haka, shi ya sa ba ma saka shi a akwatin da ke shiga cikin jirgi ta ƙasa. Wanda ba a buɗe ba yana firji, wanda aka fara kuma kwana 28 a yar da shi.

Da za ki ga cin abincinmu da kin yi dariya. Malmalar tuwon shinkafa sai ta hau sikeli kafin a zuba miya, a lissafa yawan insulin ɗin da take buƙata, sannan a yi allura. Masa da kunun gyaɗa su suka fi ba ni wahala, don babu littafin asibitin da ya san su, da gwaji na gane kansu. A bayan damtsenta akwai 'yar na'urar auna suga kamar kwabo, FreeStyle Libre, ana sauya ta duk mako biyu. In suga ya faɗi cikin dare wayata ce ke kuka, in tashi da lemon kwali.

Mu Hausawan nan mun daina ɓoye wannan ciwo, ko da yake har yanzu akwai masu tsoron kada a ce yarinya ba za ta auru ba. Ni a ganina ɓoyewar ce haɗari. A gidan suna ko walima matan sun san in ta fara gumi tana rawar hannu, zaƙi za a ba ta nan take. Azumi kuwa ba ta yi. Likita ya ce akwai haɗari, malaminmu ya ce addini ya ba ta uzuri.

Shi yaron, zan turo kuɗi a saya masa a can Kano, irin wanda likitansa ya rubuta. In babu wuta a sa kwalbar a leda a ɗaure, a ajiye cikin randa a inuwa. Ki roƙi mahaifiyarsa don Allah kada ta bar allura saboda shuwaka ko zogale. Ciwon sugansa nau'i na ɗaya ne, jikinsa ya daina samar da insulin, tsallake ta na kwana ɗaya ko biyu kan iya kai shi ga suma.

A gaida Baba da yara.