Amsoshin tambayoyinku: sarbo, sandar turi, da masu sayen jabu da ido buɗe

Tambayoyin wannan karon kusan duk a kan sarbo suke, wato ɗan injin da ke motsa sassan juya akalar ƙaramin jirgin sama na rimot, to bari mu shiga kai tsaye.

Tambaya: Malam, jirgina na fom ne, faɗin fiffikensa wajen mita ɗaya. Na yi mummunar sauka, yanzu sarbon elebeta (sashen wutsiya mai sa jirgi ya hau ko ya sauko) yana ƙara kar-kar-kar yana tsallake. Kowanne sarbo mai nauyin giram 9 (9g) na samu zan iya sawa?

Haƙoran giyar ciki ne suka zube ɗan'uwa, kar ka sake tashinsa a haka. Ana sayar da giyar daban, amma a kan ƙaramin sarbo na 9g wahalar ta fi ribar, sayi sabo kawai. Duba abu uku: girman jiki ya shiga ramin tsohon, ƙarfin juyinsa kar ya gaza na tsohon, irin SG90 wajen 1.8 kg-cm ake rubuta masa, sannan wutar da yake ɗauka, yawancinsu 4.8V zuwa 6V ne. In ka ɗaura ka duba ina yake juyawa, don kamfani da kamfani suna saɓawa. Ka ja sitik ɗin elebeta wajenka, dole elebeta ta ɗaga sama. In ƙasa ta yi ka juya ta a rimot. Kuma cire farfela kafin ka jona batir, yatsa ba shi da sifeya.

Tambaya: Oga ina so in sa sarbo mai ƙarfin juyi 20kg a ƙaramin jirgina don ya yi ƙarfi sosai, ya ka gani?

Haba. Ƙarfin me, tirela za ka ja? Irin wannan ɗaya ya kai giram 60, ka jera huɗu ka ga abin da ka ɗora wa jirgin da aka yi don 9g, balans ya tafi, wutsiya ta yi nauyi. Ga shan wuta, BEC ɗin (mai ba sarbo wuta) da ke cikin ƙaramin ESC (mai sarrafa gudun injin farfela) ba zai iya da su ba, wuta na faɗuwa risiba, mai karɓar saƙon rimot, ta ɗauke a sama sai kallo. Ajiye kuɗinka.

Tambaya: Malam na ga ana sayar da sarbon MG90S, mai giyar ƙarfe, guda goma a ƙunshi ɗaya, kuɗin bai kai na guda uku a wani wajen ba. In kwasa?

To an zo wajen. Wannan ita ce tambayar da ta fi ɓata min rai, don kai ma da ka turo ta ka san amsar, so kake kawai wani ya ce maka bismillah. SG90 da MG90S na TowerPro suna cikin kayan da aka fi yi wa jabu a wannan harkar, sitika iri ɗaya, kalar jiki iri ɗaya, a hoto ba ka isa ka bambance ba. Sai ka kwance sukurun ƙasa ka buɗe sannan za ka ga giyar saman nan da ake gani ita kaɗai ce ƙarfe, na ciki roba ne, an sayar maka da roba da sunan ƙarfe.

Kuma wallahi giya ma ba ita ce babbar matsalar ba. A cikin kowane sarbo akwai wani ɗan abu, fotenshiyomita, shi ke gaya wa sarbon inda hannunsa yake. A jabu shi ake fara yi wa ƙwauro, shi ya sa za ka saki sitik hannun ya ƙi komawa daidai tsakiya, yanzu ya tsaya nan anjima ya tsaya can, kai kuma kana ta danna tirim (maɓallin daidaita tsakiya a rimot) kana zagin iska kana zagin rimot, wani ma har ya je ya sayi sabon rimot, a ƙara asara a kan asara. Abin da ke ban mamaki, mutum zai zuba kuɗi a injin farfela da ESC da batir da risiba, ya yi makonni yana haɗa jirgi, sai a kan abu ɗaya tilo da ke riƙe da elebeta ya ce tsimi zai yi. Ranar da wannan abin ya sandare a sama duk sauran tare za su sauko, kuma ba kai ke zaɓar inda za su faɗo ba, ƙila kan motar wani, ƙila kan yaro.

Na san wani zai ce ai shi ya sa jabu shekara guda lafiya lau. Eh, ana dacewa, ba a gina jirgi a kan dace dai. In ka riga ka saya to gwada su ɗaya bayan ɗaya a tebur: ɗaura tsinke a hannun, kai shi hagu ka saki ka yi alama, kai shi dama ka saki ka yi alama, in alamomin ba su haɗu ba wannan ba na jirgi ba ne. Sa shi a testa, na'urar gwada sarbo, ya yi ta kai-komo na wasu mintuna, wanda ya ɗau zafi ko yake rawa shi kaɗai ka ware shi. Waɗanda suka tsallake ka sa a rada (sashen wutsiya mai juya jirgi hagu da dama) in dole ne, elebeta da eliron (sashen fiffike mai karkata jirgi) kam na gaske, daga dilan da zai karɓi kaya in an dawo masa da shi. In kana da hali, Hitec, Futaba, Savox, ko Emax a ƙananan.

Tambaya: Malam wannan ne jirgina na farko, na daɗe ina tara kuɗinsa. Na sa sabbin sarbo amma in na taɓa eliron da yatsa yana ɗan lilo, tsoro nake ji kar ya faɗi ranar farko. Sarbon ne ba kyau?

Kwantar da hankalinka ƙanena, da ka lura da wannan tun a ƙasa ka fi da yawa daga cikin waɗanda suka daɗe a harkar. Galibi ba sarbon ba ne, haɗin ne. Riƙe hannun sarbon da yatsa ka motsa eliron, in har yana lilo to wasan yana cikin sandar turi, wadda ke haɗa hannun sarbo da eliron, ko ramin ya fi wayar faɗi, ko ƙahon da ke jikin eliron, inda sandar ke kamawa, bai kamu da kyau ba. Kar ka raina shi, wannan ɗan lilon ne ke zama karkarwa in jirgi ya ɗau gudu, har ya zubar da giya ko ya yage hinji.

Kunna rimot tukun, tirim duk a sifiri, ka jona sarbon ya tsaya tsakiya, sannan ka sa hannun ya yi kwana 90 da sandar. Ramukan ƙaho su tsaya saitin layin hinji. Tunda farko ne, sa sandar a ramin ciki na hannun sarbo da ramin waje na ƙaho, motsi zai ragu ƙarfi ya ƙaru, jirgin zai yi maka laushi. Daidaita tsayin sandar da kilebis, ɗan maƙalin da ke bakinta, kar ka dogara da sabtirim na rimot ya gyara maka karkataccen aiki, sannan ka yanki ɗan guntun tiyo na silikon ka zura a kan kilebis ɗin kar ya buɗe. Doguwar sanda in tana lanƙwashewa lokacin turi ka yi mata madogara a tsakiya ko ka koma ta kabon. Ranar tashi ka nemi wanda ya iya ya fara ɗaga maka shi, Allah ya ba da sa'a, ka turo mana labari.

Tambaya: Hannun tsohon Hitec ɗina ya ɗan shiga sabon Futaba da na danna, ya yi?

Bai yi ba. Futaba haƙora 25, Hitec 24, JR 23, wannan a masu matsakaicin girma ke nan. Zai yi kamar ya zauna sai an sa masa nauyi ya zame. Yi amfani da wanda ya zo a leda da sarbon, ka ɗaura sukurunsa.

Tambaya: Sarbona dijital yana ɗan zuzz ko ban taɓa sitik ba, ya lalace?

Dijital dama haka suke, ɗan kukan nan ba komai. Amma cire sandar ka saurara, in ya yi shiru to wani abu ne ke cije masa, hinji mai tauri ko sanda na gugar jiki, gyara wannan. Wanda kuma ya tambayi wane Loctite zai sa, wato ruwan da ke hana sukuru kwancewa, shuɗin za ka ɗiga, a inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe kawai, kar ya taɓa roba don yana fasa ta.