Man habbatus-sauda da kurkum za su iya maye gurbin maganin asma?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Da zarar hunturu ya kama sai in yi ta atishawa, hanci ya toshe, ido ya dinga ƙaiƙayi, wani lokacin ƙirji ya riƙe sai na shaƙi inhela. Maƙwabciyata ta ce in ajiye maganin asibiti in koma man habbatus-sauda da kurkum, wai su ne ke kashe ciwon daga tushe. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Maganar maƙwabciyarki da ƙamshin gaskiya, amma batun ajiye inhela kam, don Allah kada ki soma.

A cikin hanci da huhu da fata akwai wasu ƙwayoyin halitta masu aikin gadi, cike da sinadarin histamin. Idan jiki ya ɗauki ƙura ko gashin kyanwa a matsayin abokin gāba, sai su zazzage abin da ke cikinsu. Nan take ƙananan jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsattsafo, ga atishawa ga ƙaiƙayi, wasu har da borin jini. Maganin Piriton, histamin ɗin yake tarewa. Amma tare da shi akwai wasu sinadaran, irin su lukotirin, masu kumbura hanyoyin iska su matse su, kuma su ne masu riƙe ƙirji.

Tsirrai suna taɓa wannan aiki, ba musu. Akwai wani tsiro a Masar da Larabawa ke kira khilla, har suna sakace da busassun tsinkayensa. Wani likita haifaffen birnin Halab na Siriya mai aiki a Ingila, Roger Altounyan, shi kansa mai asma ne, ya shafe shekaru yana gwada sinadaran da aka kwaikwayo daga wannan tsiro a jikinsa. Sai ya shaƙi ruwan gashin ɓeran Masar da gangan don ciwon ya tashi, ya ga ko sinadarin zai tare shi. A 1965 aka dace da kuromogilaket, wanda ke hana ƙwayoyin gadin nan zazzagewa, kuma har yau ana ɗiga shi a ido don ƙaiƙayi. Ki lura da wahalar da aka sha kafin tsiro ya zama magani mai awo.

Habbatus-sauda tana da daraja a wurinmu, kuma bincike bai kunyata ta ba. Tana ɗauke da sinadarin taimokwinon mai rage kumburi, kuma ƙananan gwaje-gwaje a kan mutane sun nuna sauƙin atishawa da toshewar hanci, wasu masu asma ma sun ji dama. Sai dai a gwaje-gwajen asmar, ƙari aka yi da ita a kan maganin asibiti, ba a cire musu nasu ba. Kurkum kuwa ya fi ƙarfi a ɗakin gwaji fiye da a jikin mutum, domin hanji ba ya tsotsar sinadarinsa sosai. Shi ya sa masu yin ƙwayoyinsa ke haɗa shi da sinadarin masoro, kuma an samu waɗanda irin waɗannan ƙwayoyi suka taɓa musu hanta. Na cikin miya ba matsala. Citta ma tana rage kumburi, shayinta na daɗi da sanyin asuba.

Babu ko ɗaya cikinsu da zai buɗe ƙirjin da ya riƙe cikin 'yan mintuna kamar shuɗiyar inhela. Ta kasance a jakarki kullum. Idan kuma kina yawan buƙatarta, alama ce kumburin bai kwanta ba, ki koma asibiti a duba ko kina buƙatar inhelar rigakafi.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne jiƙon gora marar suna da ake tallarsa da lasifika. Na taɓa ganin wata baiwar Allah da ta yi watanni tana shan irinsa, asma ta lafa, amma kumatu sun yi suntum, fatar ciki ta tsattsage, suga ya hau. Alamun sitiroyid ne sak, wato maganin asibiti mai ƙarfi na kwantar da kumburi, irin wanda wasu marasa tsoron Allah ke niƙawa su zuba a ciki. Ko lambar NAFDAC ma a jikin maganin gargajiya, galibi shaidar an duba rashin illarsa ce, ba tabbacin yana warkarwa ba.

In za ki gwada man habbatus-sauda, ki nemi tatacce, ki fara da kaɗan, ki sanar da likitanki, musamman in kina da juna biyu ko kina shan maganin suga, hawan jini ko tsinka jini. Kafin shafawa a jiki, ki ɗiga kaɗan a cikin damtse ki jira kwana 2, domin shi kansa yana tayar wa wasu da ƙuraje. Ki riƙa yayyafa ruwa kafin shara, ki sa takunkumi ranar hazo, ki rage turaren wuta a rufaffen ɗaki. Ranar da numfashi ya hana ki ƙarasa magana, ko leɓe da maƙogwaro suka kumbura, a wuce da ke asibiti nan take.