Tambaya da Amsa: Motar dillali ko ta hannun mai ita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina tarin kuɗi domin sayen mota ta hannu, yanzu kuma ina tsakanin biyu: wata Toyota Corolla a wurin masu sayar da motoci, da wata irinta mai rahusa wadda mai ita yake son sayarwa da kansa. Ya ce shekararta 12, amma tafiyarta ba ta wuce kilomita 60,000 ba. Wacce zan ɗauka?
Daga wata mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya albarka a abin da kika tara. Dillali yana da wurin zama da za ki iya komawa idan matsala ta taso, wani ma yakan ba da garanti a rubuce, sai dai ribarsa ko la'adarsa tana cikin kuɗin da ya yanka miki. Mai mota kuwa yakan yi sauƙi, kuma shi ne ya san tarihinta, amma da zarar kuɗi sun shiga hannunsa, duk abin da ya ɓullo naki ne. A ganina, wanda ya yarda a bincika motarsa ciki da bai, shi ya cancanci a yi ciniki da shi, ko wane ne a cikinsu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lissafin tafiyar nan, domin kilomita 60,000 a shekara 12 ya kama 5,000 ke nan a shekara. Yana yiwuwa, amma ana mayar da mita baya, har da ta zamani mai aiki da kwamfuta. Ki dubi robar birki, da fatar sitiyari, da gefen kujerar direba inda ake zamewa a fita. Idan sun siɗe sun yi sulɓi, motar ta ci hanya fiye da abin da aka faɗa miki. Ki nemi rasiɗan juyen baƙin mai, domin sau da yawa ana rubuta kilomita a kansu.

Ki tafi da bakaniken da ke kika zaɓa kuma ke za ki biya shi, ku isa da sassafe kafin a tayar da injin. Idan ya dafa bonet ya ji ɗumi, a dakata ta huce, saboda injin mai zafi yana ɓoye ƙara da wahalar tashi. Hayaƙi mai shuɗi daga salansa alama ce ta cin baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa kuwa yakan nuna ruwan lagireto yana shiga injin. Ya buɗe murfin baƙin mai ya duba ko akwai kumfa mai kalar madara, ya ɗaga kafet ya nemi busasshen laka da tsatsa a ƙarfen kujeru, waɗanda su ne shaidar motar da ambaliya ta taɓa ci. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da kafar da ake jona na'urar gwaji, kuma na'urar takan nuna idan an goge bayanan matsala kwanan nan.

Sai batun takardu, wanda nan ne asara ta fi muni. Tun 1981 lambar shasi take da haruffa da lambobi 17, babu I, O ko Q a cikinta. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin ƙofarsa. Ki karanta ta ɗaya bayan ɗaya, ki tabbata ita ce a takardun, sunan da ke takardun kuma ya zo daidai da katin shaidar mai sayarwa. Ki tambaya ko akwai bashin banki a kanta. Kada ki ba da ko kafin alƙalami sai hukumar rajistar motoci ta tabbatar ba ta sata ba ce, sannan a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a sa lambar shasi da kilomitar da mita ta nuna ranar ciniki.